Ninki da Marabi: Lissafin Kasuwa da na Rabon Gado

Gabatarwa

Da wuya a sami ɗalibin da ya ratsa makarantar firamare bai ci karo da darussan nan biyu da malamai ke kira LCM da HCF ba. Da yawa daga cikinmu mun haddace su ne don jarrabawa kawai, da aka tashi daga aji kuma muka bar su a can. Wasu ma tsoron irin wannan lissafi ne ya koro su zuwa sashen harsuna. Abin mamaki kuwa shi ne, lissafin nan da muke gudu a makarantar boko, shi malamin zaure ke yi idan an kira shi rabon gado, kuma da shi kakanninmu suka yi ciniki tun zamanin wuri. Wannan muƙala za ta yi ƙoƙarin bayyana wa mai karatu ma'anar ninki da marabi cikin harshen Hausa, tare da nuna inda suke aiki a rayuwar Bahaushe. Za mu ɗauko wasu misalai daga harkokin manoma da 'yan kasuwa irin na garin Ibeto da ke ƙaramar hukumar Magama a masarautar Kontagora, jihar Neja, wasu kuma daga tarihi.

Mene Ne Ninki, Mene Ne Marabi?

Ninkin lamba shi ne abin da ake samu idan aka maimaita ta sau ɗaya, sau biyu, sau uku, har abin da ya yi sama. Ninkin 4 su ne 4, 8, 12, 16, 20, haka dai ba iyaka. Mai sayar da ƙwai da ke ƙirga kiret-kiret yana cewa 30, 60, 90, 120, jerin ninkin 30 yake karantowa ko da bai san sunansa ba.

Marabi kuwa shi ne lambar da ke raba wata lamba daidai wa daida, ba tare da an bar saura ba. An gina kalmar ne a kan tsarin da ya ba mu mabuɗi daga buɗe da ma'auni daga auna, don haka jam'inta marabai, kamar mabuɗai da ma'aunai. Marabai na 30 su ne 1, 2, 3, 5, 6, 10, 15 da 30. Wato kiret guda na ƙwai zai rabu tsakanin mutum 2 ko 3 ko 5 ko 6 ba tare da gardama ba, amma idan mutum 4 ne za su raba, kowa zai sami 7, a bar 2 a ƙasa. Ke nan 4 ba marabin 30 ba ne.

Ninki da marabi kamar ciki da bai ne na ƙwarya ɗaya. Idan 6 marabin 30 ne, to 30 ninkin 6 ne. Bambancinsu shi ne, ninki ba ya ƙarewa, marabai kuwa ƙidayayyu ne, domin babu marabin da zai fi lambar da yake rabawa girma. Haka kuma kowace lamba tana da marabai biyu da ba sa rabuwa da ita, wato 1 da ita kanta. Akwai lambobin da waɗannan biyu kaɗai gare su, kamar 2, 3, 5, 7, 11 da 13. A nan za mu kira su gagara-rabo. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin raba goro 13 tsakanin baƙi ya san dalilin wannan suna.

Yadda Ake Gane Marabi Cikin Sauri

Akwai 'yan dabaru da ke rage wahala. Lambar da ta ƙare da 0, 2, 4, 6 ko 8 tana rabuwa da 2, ita ce Bahaushe ke kira cika, wadda ba ta rabuwa kuma mara. Wadda ta ƙare da 0 ko 5 tana rabuwa da 5. Idan ana son a san ko lamba na rabuwa da 3, sai a tara alƙalumanta. A ɗauki 471: idan aka tara 4 da 7 da 1 za a sami 12, tun da 12 na rabuwa da 3, to 471 ma haka, kowane kashi 157. Haka ake yi wa 9. Ga 4 kuwa, alƙaluma biyu na ƙarshe ake dubawa: 1,316 na rabuwa da 4 saboda 16 na rabuwa da 4. Lambar da ta rabu da 2 kuma ta rabu da 3, tilas ta rabu da 6.

Daga Wuri Zuwa Naira

Kafin zuwan Turawa, wuri shi ne kuɗin da aka fi ciniki da shi a ƙasar Hausa. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya ratsa Tasawa da Katsina ya iso Kano a farkon shekarar 1851, ya bayyana yadda ya ga ana ƙirga wuri. Ana jan sa ne biyar-biyar da yatsu, a tara shi tsibi-tsibi na 200 ko na 1,000, sannan a ɗura 20,000 a jaka guda ta saƙa. Wuri 20 shi ake kira hauya, don haka tsibin 200 hauya 10 ke nan. Idan mai karatu ya lura zai ga kowane mataki ninki ne na wanda ke ƙasa da shi: 20 ninkin 5 ne, 200 ninkin 20, 1,000 ninkin 200, 20,000 kuma ninkin 1,000. Wannan tsari ne ya sa mai ƙirga ba ya ɓacewa, domin idan an katse masa hanzari ba sai ya koma farko ba, tsibin ƙarshe kawai zai sake.

Da Turawan Ingila suka kawo kuɗinsu, sai aka shiga zamanin fam da sule da kwabo. Kwabo 12 ke yin sule, sule 20 ke yin fam, wato fam guda kwabo 240. Sisi rabin sule ne, kwabo 6, taro kuma rubu'insa, kwabo 3. Tsarin yana da wuyar tarawa a takarda, amma yana da daɗin rabo. Lambar 12 tana da marabai shida, wato 1, 2, 3, 4, 6 da 12, alhali 10 huɗu kawai gare ta: 1, 2, 5 da 10. Ita kuwa 240 marabai 20 gare ta, 100 kuma 9 kacal. 'Yan ƙodago uku da aka biya sule guda sai kowa ya ɗauki kwabo 4 su watse lafiya. A ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta koma naira da kwabo, fam ya zama naira 2, abin da ake kira sule ya koma kwabo 10. Daga ranar sule ya daina rabuwa uku.

A Jamhuriyar Nijar kuma, Hausawa na ƙirga kuɗin sefa ne da dala, kowace dala sefa 5. Idan ɗan kasuwar Maraɗi ya ce dala 20, sefa 100 yake nufi, idan ya ce dala 80, sefa 400. Baƙon da bai iya ninkin 5 ba zai sha ruɗewa a wannan kasuwa.

Ninkin Tarayya da Marabin Tarayya

Lambobi biyu kan yi tarayya a ninki. A ce direbobi biyu na ɗaukar hatsi daga Ibeto zuwa Kontagora, ɗaya duk bayan kwana 4, ɗaya duk bayan kwana 6, kuma yau sun yi lodi tare. Na farko zai dawo a rana ta 4, 8, 12, 16, 20, 24. Na biyu a rana ta 6, 12, 18, 24. Za su sake haɗuwa a rana ta 12, da ta 24, da ta 36. Mafi ƙanƙanta a cikinsu, wato 12, shi ne ƙaramin ninkin tarayya, kuma shi ne LCM ɗin da aka koya mana.

Fatakenmu masu zuwa kudu sun san wannan a aikace. Kasuwannin ƙasar Hausa mako-mako suke ci, wato duk kwana 7. A ƙasar Ibo kuwa makon kasuwa na gargajiya kwana 4 ne. Idan wata kasuwa a can ta ci ranar Juma'a, ba za ta sake faɗowa Juma'a ba sai bayan kwana 28, domin 28 ne ƙaramin ninkin da 4 da 7 suka yi tarayya a kansa.

Haka nan lambobi kan yi tarayya a marabi. A ce wata ƙungiyar manoma ta sayi taki buhu 84 da irin shuka buhu 60, tana son ta raba su rukuni-rukuni yadda kowane rukuni zai sami daidai da ɗan'uwansa, kada kuma a farke buhu ko ɗaya. Rukuni nawa ne mafi yawa da za a iya yi? Lambobin da ke raba 84 da 60 gaba ɗaya su ne 1, 2, 3, 4, 6 da 12. Mafi girma shi ne 12, don haka rukuni 12, kowanne da taki buhu 7 da iri buhu 5. Wannan shi ne babban marabin tarayya, wato HCF.

Akwai tsohuwar hanyar gano shi ba tare da jero marabai ba. Ana jingina ta ga masanin nan Bagirke da Larabawa ke kira Uƙlidis, wanda ya rayu a Iskandariya ta ƙasar Masar wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ana ta cire ƙaramar lamba daga babba har su zo daidai. A cire 60 daga 84, saura 24. A cire 24 daga 60, saura 36. A cire 24 daga 36, saura 12. A cire 12 daga 24, saura 12. An zo daidai, amsa ita ce 12.

Inda Lissafin Ya Fi Nauyi: Rabon Gado

A kasuwa, wanda ya yi kuskure asara kawai zai yi. A rabon gado kuwa haƙƙin marayu da matan mamaci ne a kansa. Alƙur'ani mai girma, a ayoyi na 11 da 12 da 176 na Suratun Nisa'i, ya yanka wa magada kaso iri shida: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Wato ɗaya bisa 2, ɗaya bisa 4, ɗaya bisa 8, biyu bisa 3, ɗaya bisa 3 da ɗaya bisa 6. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid al-Ƙairawani, wanda ya rasu a shekarar 996 kuma ake karanta shi a zaurukan ƙasar Hausa, yana da babi guda a kan wannan ilmi da ake kira Fara'id. Shi ma Muhammad bin Musa al-Khwarizmi, da ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza wajen shekarar 820, ya ware babban sashe na littafin ga mas'alolin wasiyya da gado.

Abu na farko da mai rabon gado ke nema shi ne asalin mas'ala, wato lamba mafi ƙanƙanta da za a kasa dukiya a kanta yadda kowane mai kaso zai sami nasa cif, babu ɓari. Wannan asali ba komai ba ne illa ƙaramin ninkin tarayya na lambobin da ke ƙarƙashin kason magada. Tun da waɗannan lambobi 2, 3, 4, 6 da 8 ne, asalin ba ya fita daga guda bakwai: 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24.

Domin gano shi, malaman Fara'id sun kasa dangantakar lambobi biyu gida huɗu. Na farko shi ne tamasuli, idan lambobin iri ɗaya ne, kamar 6 da 6, sai a ɗauki ɗaya. Na biyu tadakhuli, idan ƙaramar marabi ce ga babbar, kamar 3 da 6, sai a ɗauki babbar. Na uku tawafuƙi, idan ɗaya ba ta raba ɗaya amma suna da marabin tarayya, kamar 6 da 8 da suka haɗu a kan 2, sai a ɗauki rabin ɗaya a buga da ɗayar, 3 sau 8, a sami 24. Na huɗu tabayuni, idan ba su da marabin tarayya sai 1, kamar 3 da 4, sai a buga su da juna a sami 12. Duk abin da littafin firamare ya ƙunsa game da ninki da marabi yana cikin waɗannan ƙa'idoji huɗu.

Ga misali. A ce wani manomi a Ibeto ya rasu ya bar mata ɗaya, da uwa, da uba, da 'ya'ya maza biyu da mace ɗaya. Bayan an yi masa sutura, an biya bashi, an fitar da wasiyya, abin da ya rage ya kai naira 1,200,000. Matar tana da tumuni saboda akwai 'ya'ya, uwa sudusi, uba sudusi, sauran kuma na 'ya'ya ne, namiji ya sami ninki biyu na mace. Lambobin da ke gabanmu su ne 8 da 6 da 6. Tsakanin 6 da 6 tamasuli ne, tsakanin 6 da 8 kuma tawafuƙi, don haka asalin mas'ala 24. Mata ta sami 3, uwa 4, uba 4, an fitar da 11, saura 13.

A nan wata matsala ta taso. 'Ya'yan ana lissafa su kawuna 5, wato biyu-biyu ga mazan, ɗaya ga macen, kuma 13 gagara-rabo ce, ba ta rabuwa da 5. Tsakanin 13 da 5 tabayuni ne, don haka sai a buga asalin gaba ɗaya da 5, wato 24 sau 5, a sami 120. Wannan mataki shi malamai ke kira tas'hihi, wato gyaran mas'ala. Yanzu mata na da 15, uwa 20, uba 20, 'ya'ya 65. Kowane namiji 26, mace 13. Idan aka raba 1,200,000 gida 120, kowane kashi naira 10,000 ne. Ke nan mata 150,000, uwa 200,000, uba 200,000, kowane ɗa 260,000, 'ya kuma 130,000. A tara su a gani, ko kwabo bai yi saura ba.

To, me zai faru idan wanda bai nemi asali ba ya yi rabon? Sai ya fara cire tumunin mata, 150,000, ya rage 1,050,000. Daga nan ya cire wa uwa sudusin abin da ya rage, wato 175,000 maimakon 200,000. Ya tauye ta da naira 25,000 ke nan. Idan kuma ya cire wa uba sudusin abin da ya sake ragewa, tauyewar uban ta fi haka. Ƙa'ida ita ce, kowane kaso daga dukkan dukiya ake fitar da shi, in ban da wasu mas'aloli ƙalilan da malamai suka keɓe. Neman asalin mas'ala shi ke tsare mai rabo daga wannan kuskure, domin yana sa kowa a kan ma'auni ɗaya tun daga farko.

Ba kullum ake buga asali da dukkan kawuna ba. A ce mutum ya rasu ba ɗa, ba jika, ba iyaye, ya bar mata ɗaya da 'yan'uwa shaƙiƙai maza 6. Mata na da rubu'i, asali 4, ta ɗauki 1, saura 3 ga mutum 6. Babban marabin tarayya na 3 da 6 shi ne 3. A raba kawuna 6 da 3 a sami 2, a buga asali da 2 kawai, ya zama 8. Mata 2, kowane ɗan'uwa 1. Da an buga da 6 za a sami 24, amsar ba za ta ɓaci ba, sai dai an ƙara wa kai aiki. Ya kamata a lura cewa waɗannan misalai don fahimtar lissafi ne. Sanin wa ke gado, wa ke kange wani, aikin malamai ne da alƙalai.

Wani Masani Daga Katsina

Sha'awar malaman ƙasar nan ga lambobi ba ta tsaya ga gado ba. Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Katsinawi, wanda ya bar Katsina zuwa aikin Hajji kuma ya rasu a Alƙahira a shekarar 1741, ya yi rubutu a 1732 a kan yadda ake tsara lambobi cikin gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya. A hatimi mai gida 9, jimlar lambobi daga 1 zuwa 9 ita ce 45, layuka kuma 3, don haka tilas kowane layi ya zama 15. A mai gida 25 jimlar 325 ce, layuka 5, kowane layi 65. Da a ce yawan layukan ba marabin jimlar ba ne, da hatimin ba zai taɓa tsaruwa ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ninki da marabi ba baƙi ba ne a wurin Bahaushe. Abin da ya sa suke yi wa yaro nauyi a aji shi ne, ana ba shi sunayensu cikin harshen da bai gama ji ba, da misalan da ba su shafe shi ba. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga shekarar 1970, inda aka koyar da yaran firamare darussa har da lissafi cikin Yarbanci, ya nuna cewa harsunanmu za su iya ɗaukar wannan kaya. Da yawa daga cikin ɗaliban wannan sashe aikin koyarwa ko fassara za su kama bayan kammala karatu. Nauyi ne a kanmu mu tattaro kalmomin ƙirga daga bakin tsofaffi da 'yan kasuwa da malaman zaure, mu daidaita su, mu rubuta littattafan lissafi da su. Masu iya magana sun ce, da tsohuwar zuma ake magani. Kafin nan, ga ɗan aikin gida ga mai karatu: mace ta rasu ta bar miji da uwa da ɗa namiji guda, miji na da rubu'i, uwa sudusi, sauran na ɗa. Mene ne asalin mas'alar, kuma kashi nawa kowa zai samu?